Masanin Kufai Da Bai Taɓa Shiga Rami Ba: Wa Muke Yaudara?

Ina godiya ga editocin wannan mujalla tamu da suka ba ni fili, sannan ina neman afuwa tun kafin in fara, domin abin da zan faɗa ba zai yi wa wasu daɗi ba, musamman malamaina na gida waɗanda nake ganin girmansu har gobe. To amma Hausawa sun ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ni ɗalibi ne mai neman digiri na biyu a nan birnin Guangzhou da ke kudancin ƙasar Sin, a fannin ilimin kufai, wanda Bature ke kira akiyoloji, wato binciken rayuwar mutanen da ta hanyar abin da suka bari a cikin ƙasa: tsingaro, toka, gawayi, ƙashi, kashin maƙera, tushen gini da ganuwa. Mafi yawan 'yan uwanmu da nake haɗuwa da su a unguwar Xiaobei fatauci ne ya kawo su, kuma duk wanda na gaya wa abin da nake karantawa sai ya yi dariya ya ce, wato duk kwantenonin da ke fita daga garin nan ban ga na kamawa ba sai fasassun tukwane. Wannan ba ya damuna. Abin da ke damuna shi ne wanda na gano game da kaina bayan na zo nan, kuma shi ne zan faɗa ba tare da kwana-kwana ba: digirin ilimin kufai da aka ba ɗalibi alhali bai share zangon karatu guda cur a cikin rami ba, shaidar zur ce da hatimin jami'a a kanta, kuma tarihinmu ne ke biyan diyyarta.

Ranar da asirina ya tonu

Na gama digirina na farko a wata jami'a a gida da sakamako mai kyau. In da za a tashe ni da tsakar dare a lokacin, zan iya kawo ma'anar hawa-hawan ƙasa da ka, in lissafa zamanin dutse da na ƙarfe, in faɗi shekarar da Thurstan Shaw ya yi tono a Igbo-Ukwu da wadda Graham Connah ya yi a Daima. Amma in aka tara dukkan kwanakin da na yi a fagen tono, cikin shekarun da yajin aiki ya ƙara wa tsawo, ba su cika mako uku ba. Kuma yaya fitar take? Mota ɗaya, ɗalibai maƙil, kowa ya biya kuɗin fita daga aljihunsa. A je a auna rami ɗaya tal, mita biyu tsawo mita biyu faɗi, mutum huɗu ko biyar su shiga, sauran mu koma gindin bishiya muna hira, a ƙarshe kowa ya ari cokalin magina ya tsuguna a ɗauke shi hoto. Da aka dawo muka nemi rahoton 'yan ajin gabanmu muka sake masa suna da kwanan wata. Buhunan tsingaron da muka kwaso kuwa, ganina na ƙarshe da su suna jibge a wani lungu, takardun da aka liƙa musu sun fara zubewa.

Da wannan guzuri na iso ƙasar Sin. A zangona na biyu aka kai mu wani fili a bayan gari inda za a yi gine-gine, aka ba kowannenmu raminsa, mita biyar tsawo mita biyar faɗi, za a bar dakalin ƙasa mai faɗin mita ɗaya a gefen arewa da na gabas domin a riƙa karanta bangon. Malaminmu ya ce wannan rami naka ne har ka kai ƙasar da ɗan Adam bai taɓa ba, kai ne za ka zana shi, kai za ka rubuta littafinsa na kullum, kai kuma za ka amsa tambaya a kansa. A rana ta uku wani dattijo cikin ma'aikatan tono, wanda bai taɓa zama a ajin jami'a ba, muna kiransa Shifu, wato ubangidan sana'a, ya zo ya tsuguna a bakin ramina. Ya yayyafa ruwa, ya kankare fuskar ƙasar da cokali a hankali, sannan ya ja layi da bakin cokalin. Sai ga da'ira ta fito, ƙasar cikinta ta ɗan fi ta wajen duhu da laushi. Ashe tsohon ramin shara ne da wasu mutane suka haƙa daga sama, ni kuwa na riga na sare rabinsa, na zuba tsingaron cikinsa a leda ɗaya da na shimfiɗar da ta girme shi da ɗaruruwan shekaru. Bai yi mini faɗa ba. Ya dai sa wata 'yar ajinmu ta fassara mini cewa abin da na gauraya yau, babu mai iya raba shi har abada.

A daren nan ban yi barcin kirki ba. Ba kunyar 'yan aji ce ta hana ni ba. Tunanin da na yi shi ne, da a gida ne aka damƙa mini wani kufai a matsayin ƙwararre mai kwali, da haka zan bi shi da sara har ƙasa, in rubuta rahoto da Turanci mai daɗi, kuma babu wanda zai taɓa sanin ɓarnar da na yi, har da ni kaina.

Me ya sa allo ba ya isa?

Jama'a da yawa na zaton aikinmu shi ne neman kaya masu daraja. Wannan aikin ɓarayin kufai ne. Abin da mai bincike ke nema shi ne mazaunin abu: a wace shimfiɗa yake, me ke samansa, me ke ƙasansa, da me aka same shi tare. Tsingaron da aka san mazauninsa ya fi kan mutum-mutumin da ba a san inda aka ciro shi ba amfani ga tarihi. Kuma tono irin aikin mahauci ne wajen fiɗa, in wuƙa ta kauce ta huda fata babu gyara. Mai nazarin sinadarai in gwaji ya ɓaci sai ya wanke kwalba ya sake, mai nazarin tarihi in ya yi kuskure takardar na nan a Gidan Arewa a Kaduna wani zai sake dubawa, amma ramin da aka tone ya tonu ke nan, abin da ya rage a duniya shi ne zane da hoto da rubutun wanda ya tone shi.

Ɗauki misalin gwajin kabon da ake gane shekarun abu da shi. Za ka aika gawayi ɗakin gwaji a Turai da kuɗi masu yawa, su ba ka shekaru na gaskiya. Amma idan gawayin nan ɓera ne ya gangaro da shi ta raminsa daga shimfiɗar sama, ko gara ta motsa ƙasar, kai kuma idonka bai gane ba, to ka samu amsar gaskiya a kan tambayar ƙarya, kuma haka za a yi ta kwafar ta a littattafai. A ƙasar Hausa ma abin ya fi wuya, domin gininmu na ƙasa ne. Katanga ta faɗi ta narke, a kwaɓa ƙasarta a yi sabon tubali, a haƙa kududdufi a gefe, bayan shekaru ya cike da juji, wani ya zo ya yi ɗaki a kai. Bambanta narkakkiyar katanga da ƙasar da ke kewaye da ita sai idon da ya saba da hannun da ya san taurin daɓe idan cokali ya taɓa shi. Wannan ba ya shiga handawut. Wa zai miƙa ɗansa ga wanzamin da ya koyi kaciya a kan allo? To don me muke miƙa kufan kakanninmu ga irinsa?

Abin da Guangzhou ta nuna mini

Gani ya kori ji. A watan Yuni na 1983 wasu leburori na sare wani tudu mai suna Xianggang a tsakiyar wannan birni domin gina gidaje, sai digarsu ta ci karo da manyan faifan duwatsu. Aka tsayar da aiki aka kira masana. Ashe kabarin Zhao Mo ne, sarki na biyu na daular Nanyue, wanda ya mutu wajen shekara 122 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), kuma ɓarayi ba su taɓa shiga ba. An fito da kaya sama da dubu, ciki har da hatimin zinare, da rigar gawa ta ƙananan duwatsu masu daraja guda 2,291 da aka ɗinke da zaren siliki, da akwatin azurfa mai ƙirar Farisa, da hauren giwa biyar waɗanda bincike ya nuna na giwar Afirka ne. A 1988 aka buɗe gidan tarihi a kan kabarin, yana nan inda aka same shi.

Abin lura a nan shi ne mutumin da ya jagoranci tonon, Mai Yinghao, ɗan lardin ne, kuma ba daga sama ya faɗo ba. Tsakanin 1952 da 1955, lokacin da ƙasar Sin ke cikin talauci bayan yaƙe-yaƙe, hukumomin al'adu da Jami'ar Peking suka shirya horo na gaggawa har zagaye huɗu, kowanne kimanin wata uku, wani ɓangare a aji wani a fagen tono, suka yaye mutum fiye da 300 suka watsa su larduna. Mai Yinghao na cikin waɗanda aka horar a 1953. Shekara 30 bayan nan da ƙasa ta buɗe baki a garinsu, akwai ɗan gida da ya san abin yi, ba a jira jirgi ya kawo wani daga waje ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Duk wanda ya taɓa zuwa sayayya titin Beijing a nan Guangzhou ya ga gilashin da ke shimfiɗe a tsakiyar hanya. A 2002 ana gyaran titin aka tarar da tsofaffin hanyoyi hawa 11, ɗaya kan ɗaya, tun daga zamanin daular Tang har zuwa ƙarni na 20, aka rufe su da gilashi mutane na wucewa suna kallo. A 2000 kuma ana haƙa tushen wani katafaren kanti a titin Xihu aka samu ƙofar ruwa ta katako ta zamanin Nanyue, aka gina kantin aka bar ta a ƙasansa. Dokar kare kayan tarihi ta ƙasar, wadda aka fara kafawa a 1982, ta ɗora wa mai babban gini kuɗin binciken filinsa, gyaran da ya fara aiki a watan Maris na 2025 kuma ya ƙarfafa ƙa'idar a bincika fili tukuna kafin a sayar da shi a wuraren da ake zaton akwai kayan tarihi. Saboda haka akwai ramuka, akwai aikin yi, akwai inda za a kai ɗalibai. A manyan jami'o'insu, ɗalibin wannan fanni kan share zango guda yana kwana yana tashi a ƙauyen da ake tono.

Kada wani ya ce na sha shayin mutane na zama maroƙinsu. Su ma suna da nasu. A 2013 a yankin Luogang na wannan birni, masu aikin layin jirgin ƙarƙashin ƙasa sun bi ta kan wasu tsofaffin kaburbura da ake cikin tonawa da katafila, jaridu suka yi ta surutu. Ɗan kwangila ɗan kwangila ne ko'ina. Bambancin shi ne a ranar akwai masanan da ke wurin, sun san abin da aka rasa, suka yi kuka aka ji.

Mu wa ke tona namu?

Mu waiwaya gida. A 1928 masu haƙar kuza ne suka fara cin karo da mutum-mutumin Nok, sai Bernard Fagg ya zo ya ba abin suna a shekarun 1940. Tagullar Igbo-Ukwu mai haƙa ramin ruwa ne ya gano ta a gidansa, sai a 1959 Thurstan Shaw ya zo daga Ingila ya yi tono. A 1987 wani makiyayi na haƙa rijiya a Dufuna ta Jihar Yobe ya tarar da kwalekwalen da ya haura shekara 8,000, wanda ba a san wanda ya girme shi a Afirka ba, kuma sai da masanan Jami'ar Frankfurt suka haɗa hannu da na Jami'ar Maiduguri aka fito da shi. A Durɓi ta Kusheyi ta ƙasar Katsina, Palmer ya buɗe tuddai a 1907, aka sake tona wasu uku a 1992 aka samu zinare da hauren giwa da wuri da tasoshin ƙarfe masu nuna cinikin nesa, amma sai da aka kwashe kayan zuwa birnin Mainz na Jamus kafin a tsabtace su a nazarce su. Babban binciken Nok na zamaninmu, wanda aka fara a 2005, Peter Breunig da abokan aikinsa na Frankfurt ne suka jagorance shi, kuma a Frankfurt aka fara baje kolin sakamakon a 2013. Kufan Kanawa da ke yankin Damagaram a Nijar, wanda sunansa kaɗai ya isa ya tsuma Bakano, Anne Haour ce daga Ingila ta yi tono a can ta rubuta.

Ban kawo wannan jeri don in zagi baƙi ba. Sun yi aiki, sun sha rana, wasu sun horar da namu, Allah ya saka. Ban kuma manta da namu gwaraza ba, irin su Ekpo Eyo da Bassey Andah da Joseph Jemkur a Nijeriya, da Boubé Gado wanda ya tona maƙabartar Bura a Nijar a 1983. Tambayata ita ce: Jami'ar Ibadan ta buɗe sashen wannan ilimi tun 1970, Nsukka da Zariya suna koyar da shi shekara da shekaru, wasu jami'o'in sun biyo baya, to ina dubban hannayen da ya kamata a ce sun fito? Me ya sa har yau in aka ce babban tono a Arewa, sai mu fara tambayar wace ƙasa ce ta kawo kuɗi da shugaba?

Kuma ƙasa ba ta jiranmu. In mai ilimi bai tona ba, mai yunwa zai tona. A shekarun 1990 an yi wa yankin Nok da wasu wurare a Katsina da Sakkwato da Kwatarkwashi wasoso, dillalai na ba talakawa 'yan kuɗi suna farfasa kufai, har ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya, ICOM, ta sa kayan Nok da Sakkwato da Katsina da Bura cikin jan jerinta a 2000. A wannan shekarar ce aka baje wasu daga cikinsu a gidan tarihi na Louvre a Paris, aka yi ta cece-kuce, a 2002 Faransa ta amince mallakar Nijeriya ne, mu kuma muka bar mata su aro na shekara 25. Masanan Frankfurt sun ce mafi yawan wuraren Nok da suka rubuta sun tarar an riga an tone su. Muna ta kiran a dawo mana da kayanmu, kuma kira ne na gaskiya, amma kayan da aka sace za a iya dawo da shi, mazauninsa a ƙasa kuwa ya tafi har abada.

Bayan ɓarawo sai katafila. Ganuwar Kano da tarihi ya ce Sarki Gijimasu ya fara wajen ƙarni na 12 tana cikin jerin wuraren da Nijeriya ta miƙa wa UNESCO tun 2007, tare da Surame, amma duk mai bin titin BUK ya san yadda shaguna da gidaje suka cinye badala. A 2010 aka rushe Ƙofar Na'isa domin faɗaɗa hanya. Irin wannan rana ce ya kamata a ce ɗalibai hamsin na tsaye da igiya da ma'auni da takardar zane kafin katafila ta iso.

Uzurorin da aka saba kawowa

Za a ce babu kuɗi. Na yarda malamanmu na aiki cikin ƙunci, na san wasu na cire kuɗin mai daga albashinsu don su fitar da mu, kuma yajin aikin wata takwas na 2022 ya isa shaida a kan halin da jami'o'in gwamnati ke ciki. Amma mu faɗi gaskiya: kayan koyon tono su ne cokalin magina, igiya, ƙusa, rariya, kwanon sarki, shebur, buroshi, leda da takardar zane, kuma babu wanda ba a samu a kasuwar Sabon Gari. Abin da ke cin kuɗi shi ne abinci da mota da gwajin kabon. Jami'ar da ta iya gina ƙofar shiga mai hawa biyu, ta sayi motocin manya, ta iya ciyar da ɗalibai talatin wata uku a ƙauye. Asusun TETFund na gina ɗakunan lacca, mu kuwa ɗakin laccarmu rami ne. Sin ta 1952 ba ta fi Nijeriyar yau kuɗi ba. Mu ma mun taɓa yi: kafin ruwa ya cika madatsar Kainji a 1968 an yi aikin ceton kufai a yankin da zai nutse.

Za a ce babu tsaro. Wannan uzuri ne mai nauyi, ba na wasa da shi. A watan Fabrairu na 2017 an sace Farfesa Breunig da wani abokin aikinsa a ƙauyen Janjala na Jihar Kaduna, mutanen gari biyu suka rasa rayukansu. Babu mai hankalin da zai ce a kwashi 'ya'yan mutane a kai su dajin Zamfara ko Birnin Gwari a wannan hali. To amma wa ya ce kufai sai a daji? A shekarun 1970 John Sutton ya tona matoyar tama a Samaru, a gefen jami'a. Kufena na kallon Zariya. A gindin Dala an samu alamar narka ƙarfe tun wajen ƙarni na 7. Duk tushen benen da ake haƙawa yau a cikin birnin Kano ko Katsina ko Zazzau yana ratsa ɗaruruwan shekarun juji da daɓe da marina, tipa ta kwashe ta zubar. Kabarin Nanyue da titin Beijing duk a tsakiyar gari suke.

Za a ce ai ba aikin yi, yawancin ɗaliban ma ba su suka zaɓi fannin ba, tura su aka yi bayan sun rasa gurbin lauya. Haka ne, ni ma shaida ne. Amma wannan hujja ce a kanmu. Sashen da ke ɗibar ɗalibai fiye da waɗanda zai iya sa wa cokali a hannu, cika aji yake yi. Gara a yaye goma da suka iya da a yaye ɗari da suka haddace, da muguwar rawa gara ƙin tashi. Aiki kuma doka ce ke haifar da shi. A Ingila tun 1990 da aka ɗora wa mai gini nauyin binciken filinsa, kamfanonin tono suka zama manyan masu ɗaukar 'yan wannan fanni.

Za a ce mutanenmu ba sa son a taɓa ƙasar kakanni, suna ganin tonon kaburbura ne da neman gumaka. Wanda ya taɓa zama a ƙauye wata uku ya san maganin wannan: ka fara da gaida hakimi da dagaci da liman, ka nisanci maƙabarta, ka ɗauki matasan gari aiki, ka nuna wa jama'a abin da ka samu kafin ka tafi. Wannan ma darasi ne, kuma ba a koyonsa a fitar kwana biyar.

Abin da nake kira a yi

Na farko, Hukumar Jami'o'i ta Ƙasa ta sa sharaɗi: babu digirin ilimin kufai sai da zango guda a fagen tono, kowane ɗalibi da raminsa ko su biyu, ya tona, ya zana bango, ya wanke tsingaro, ya rarraba, ya rubuta. A ba shi maki a bakin rami, malami na nuna layi da sanda yana tambaya. Sashen da ba zai iya ba ya rage ɗiba ko ya haɗa kai da wani.

Na biyu, kowace jami'a ta riƙe wuri ɗaya kusa da ita na shekara goma ko fiye, aji bayan aji, maimakon tsalle daga wannan ƙauye zuwa wancan ana barin ramuka kamar na gafiya. Kuma kada a ba da izinin sabon tono sai an ga rahoton na baya a buge, da taƙaitawa cikin harshen mutanen wurin.

Na uku, a gyara dokar 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, ta fito ƙarara ta ce duk mai babban gini, hanya ko madatsa a tsohon gari sai ya biya an bincika filin kafin ya fara. Gwamnatocin Kano da Katsina da Sakkwato da Kaduna ba sai sun jira Abuja ba, takardar izinin gini a hannunsu take.

Na huɗu, a daraja masu hannu. Maginan gargajiya, masu haƙar rijiya, maƙera da mata masu ginin tukwane sun san ƙasarmu fiye da mai kwali. A ɗauke su a biya su su koyar, kamar yadda Shifu ya koya mini.

Na ƙarshe namu ne, mu da ke waje. Kada mu koma gida da kwali na biyu mu tsaya gaban allo mu maimaita abin da aka yi mana, sai dai a ce yanzu misalan na Sin ne ko na Masar. Duk wanda ke wannan fanni ya nemi a sa shi a rami ko da lokacin hutu ne, ya koyi zane da awo da adana kaya. 'Yan uwa masu karatun injiniya da tsara birane da shari'a, gobe ku ne za ku sa hannu a takardar kwangila, ku tuna da wannan magana ranar da direban katafila zai ce muku ya ga tukwane a ƙasa.

Na san wasu za su ce yaro ya je waje ya dawo yana zagin gida. Wanda ya koya mini harafin farko na wannan ilimi a gida yake, kuma ba don shi ba da ban zo nan ba. Saboda haka nake roƙon malamaina, don girman Allah, ƙannena da ke aji ɗaya yanzu kada su gano abin da na gano a ƙasar wasu, a gaban baƙi, bayan sun ɓata rami. A sa su a rami tun suna gida, su yi kuskurensu a gaban mai gyara musu. Ni dai na yi alkawari in Allah ya maishe ni gida lafiya, ɗalibin da bai nuna mini kanta a tafin hannu ba, ba zan sa hannu a takardarsa ba.

Allah ya sa mu dace, ya maishe mu gida da ilimi mai amfani, amin.